Sunan Ɗan Farin Daso

Shekarar da ciwon bushiya ya share garkunan shanu, rugar su Daso ta watse. Ɗanta na fari ya bi motar kudu neman abin yi, ita kuwa ta raɓa a gidan wasu bayin Allah a Shagari, mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

Duk ranar kasuwa tana ɗakin shan magani. Yau gwiwa, gobe ciwon kai, alhali kowa ya san tun da aka shiga tsuke bakin aljihu ba abin da ya saura a wurin sai jan magani da ƙudaje. Ita ma ta sani. Bencin wurin ne ke kallon titi, daidai inda motocin kudu ke tsayawa, ga shi kewar yaron nan ta hana ta sakat.

Haliru malamin asibiti ba yaro ba ne. Ya lura idonta ba ya kan kwalba, yana kan masu saukowa daga mota. Ya fara haɗa ta da wasu mata masu fura, tana dama musu tana samun na bakinta. Sannan ya zaunar da ita, ya ce direbobin nan duk ta hannunsa suke bi in zazzaɓi ya kayar da su, kuma har Ikko suna zuwa. Zai sa su yi cigiya zango-zango.

"Inna, mi as sunanai?"

Daso ta sunkuyar da kai. Bafillatana ba ta kiran sunan ɗan fari, abin kunya ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta shi ba. Ko ranar da zai tafi, baya ta juya masa, tana ta goge ƙwaryar da ba ta yi datti ba. Ta ce dogo ne, da tabo a goshi. Haliru ya ce dogaye masu tabo sun cika kudu. Ta ɗauki sandarta ta tafi.

Da kasuwa ta zagayo ta dawo, ba gwiwa ba ciwon kai. Mota ta tsaya, mutane suka sauka, babu shi. Direba ya sha ruwa, yana shirin tashi. Daso ta ja mayafi ta rufe fuska, ta matso kusa da Haliru.

"Mode."

Haliru ya nufi direba da sauri. Ita kuwa ta koma kan benci, ta sake faɗar sunan a hankali, ba don kowa ya ji ba.