Ƙusar Rahmatu

Sufyan ya danna wayar sau uku, ya jijjiga ta, har ya hura mata iska kamar mai tayar da garwashi. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Jiya bayan isha'i ya cire ta daga sola cike taf, ya ɗora ta a tagar yamma, yau ga ta ta mutu murus.

"Ta sake?" in ji matarsa Rahmatu, tana dama kunu a tsakar gida.

"Ta sake."

Sufyan malamin dabbobi ne, mutanen yankin kuwa Likita suke ce masa, shi ma bai taɓa gyara musu ba. Ƙauyensu yana gaba da Tsamiya, inda in saniya ta yi kiwo da nisa sai a je Benin a koro ta. Wuni yake yi a rugage yana riga-kafi, yana ɗaukar hoton kowane garke a manhajar ofis. Can babu sabis, don haka sai ya dawo gida yake barin wayar ta kwana tana tura rahoto, wanda dole ya isa Birnin Kebbi kafin takwas na safe.

Mutumin fa yana son tsari. Ban da ta ofis, manhaja shida ya zuba a wayar: ta jadawali, ta jerin ayyuka, ta rubutu, har da wadda ke tuna masa shan ruwa, shi da yake yawo da gora a babur. Ta ƙarshen kuwa aikinta ta hana shi buɗe sauran.

Wata ƙaramar waya ta ɗauki kuka daga madafa. Ta Rahmatu ce, mai maɓallai, an ɗaure bayanta da kyauro. Shekara huɗu tana rataye a ƙusa ɗaya, cikin tsohuwar safar 'yarsu Surayya.

"Oganka ne," ta ce, ta miƙa masa.

Oga Muzammilu bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Wata biyu ke nan rahoto ba ya zuwa a kan lokaci. In gobe takwas ta buga babu komai, za a kawo wani, shi kuma a mayar da shi sito a Birnin Kebbi ya riƙa jera kwalaye.

Sufyan ya mayar wa Rahmatu da wayarta. Yana son aikin nan, yana son kindirmon da ake tare shi da shi a ruga, ga mahaifiyarsa katanga ɗaya ce tsakaninsu.

"Baban Surayya," in ji Rahmatu, "na sha hwaɗa maka tagag ga ba ta da kirki. Ko tawa in na aje can, Faransanci taka yi min."

"Haba Rahmatu. Sabis sanda biyar hwa nika samu can. Duk garin ga wa ad da sanda biyar?"

Gaskiya ne, yana alfahari da tagar. Baƙo ma in ya zo, sai ya nuna masa ita kafin ya nuna masa buta.

"To, Allah shi kyauta," ta ce, ta zuba masa kunu.

Ya tuƙa babur har Bagudo, ya tsaya rumfar Abbas mai gyaran waya, wani mai furfura a gemu da ya koyi sana'ar a tsallaken iyaka.

"Malam Abbas, batir sabo nika so. Mai kyau."

"Likita, zamna tukun. Kai in an kawo maka saniya, yanka ta kaka hwarawa?"

Abbas ya sa wayar a caji, ya gwada batirin, ya ce lafiyarsa lau. Ya buɗe wajen da ke nuna abin da ya ci wuta, yana ja da yatsa yana taɓe baki.

"Wagga mi taka yi?"

"Tana tuna min shan ruwa."

"Ƙishirwa ta yi ritaya ke nan?"

Masu jira a benci suka kwashe da dariya, Sufyan ma ya taya su, ba don ya so ba. Abbas ya ce waɗannan suna lasar wuta kam, amma ba su ne ɓarayin ba. Manhajar ofis ce ta kwana tana ƙoƙarin turawa, ta gwada fiye da sau ɗari uku, ko hoto ɗaya bai fita ba.

"Ina kaka aje ta?"

"Tagar yamma. Sabis cike."

Abbas ya ɗago kai ya dube shi ta saman tabarau. Ya shiga akwatin saƙonni, ya zaro wasu na Faransanci jere reras, ba a buɗe ko ɗaya ba.

"Ai talla ce," in ji Sufyan.

"Barka da zuwa suka ce maka. Likita, kai kana kwana Najeriya, wayarka tana kwana Benin. Sanda biyar ɗin nan tasu ce. Sai su karɓe ta da hannu biyu, amma ba su barin datarka ta wuce. Ta dawo neman na gida, ta rasa, ta koma can. Haka har asuba. Ko jaki ne ai ya gaji."

Kunya ta rufe Sufyan. Wata biyu ke nan da aka kafa sabon ƙarfen sabis a tsallake, shi kuma tun lokacin yake yi wa tagarsa kirari.

Abbas ya kulle wayar a kan layin gida kaɗai, ya tura rahotannin da suka taru, ya ce sauran aiki na Sufyan ne: ya nemo inda sabis ɗin Najeriya yake a gidansa, ko sanda ɗaya ce.

Daga nan ya wuce rugar da ke jiransa bayan Sharabi, ya yi wa shanu sittin da uku allura, ya ɗauki hotuna, ya sha kindirmo, amma hankalinsa yana kan takwas ɗin gobe.

Ana dab da magariba ya shigo gida da waya sama a hannu. Tagar yamma, babu ko ɗigo. Ɗakin kwana, babu. Ya hau turmi, ya leƙa bayan rumbu, ya zagaya garken awaki har akuya ta kama bakin rigarsa. Rahmatu tana tuƙa tuwo, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Da ya sunkuya ya shiga madafa, sanda ɗaya ta fito. Ya matsa kusa da bango, ta zama biyu. Ya ɗaga ido, sai ga safar Surayya tana lilo a gaban hancinsa.

"Yaushe kika gano wurin ga?"

"Tun ina amarya. Nan kaɗai nika jin muryar Inna ba ta yankewa."

"Mi ya hana ki hwaɗa min?"

"Sanda biyar gare ka, Likita."

Ta ajiye muciya, ta shiga ɗaki, ta fito da ɗaya ƙafar safar, ta zura wayarsa a ciki, ta rataye a ƙusar.

Da ya dawo daga masallaci da asuba, madafa ya fara nufa. Caji tamanin da huɗu. Rahoto ya tafi duka, har Oga Muzammilu ya amsa da kalma ɗaya: madalla. Wani daɗi ya ratsa shi, ya zauna a kan turmi yana murmushi shi kaɗai.

Nan ya goge manhajoji biyar. Ya bar ta jerin ayyuka, ya share duk abin da ke cikinta, ya rubuta abu ɗaya da zai riƙa yi masa ƙara kullum da magariba.

Rahmatu ta leƙo ta kafaɗarsa ta karanta: A tambayi Rahmatu.

"A tambaye ni mi?"

"Ban sani ba tukun," ya ce, ya miƙa kofinsa.