Kilo Ɗari Huɗu

Tayoyin baya na hawa kan sikelin, mai duba motocin ya ɗaga hannu, Ma'allim Abdessadek ya taka birki. Mutumin ya dubi allon na'urarsa, ya dubi takardar motar, sannan ya leƙo ta taga.

"Baba, mutum nawa ka ɓoye a ciki?"

"Ni kaɗai ne, ɗana. Ko ruwa ban zuba a tanki ba."

"To motarka ta wuce ƙa'ida da kilo ɗari huɗu, kuma babu kowa a ciki. Buɗe mu gani."

Ma'allim ya buɗe ƙofar gefe yana ɗan murmushi, domin ya saba duk wanda ya leƙa motar nan sai ya yi salati. Ƙaramar motar kwana ce, irin mai gado da murhu a ciki. Shekara shida ke nan da ya saye ta hannun wani tsohon Bafaranshe, bayan ya bar sana'ar da ya yi shekara arba'in yana yi a Marrakesh, wato manna zallij, ƙananan tayil masu launi da ake yankawa da hannu. Tun daga ranar bai bar motar ta huta ba. Ƙasanta ya sha zallij a kan siminti, bangon murhu ma haka. Rufin ciki katakon al'ul ne mai sassaƙa, kujeru ma na al'ul, ga tebur na dutse, ga batura uku na sola, ga firji irin na gida.

Mai dubawar ya yi salatin kuwa. Sannan ya ce, "Wallahi ta fi ɗakina kyau. Amma birkin nan ba don masallaci aka ƙera shi ba. Ina za ka da ita?"

"Tafraut."

"Kan duwatsun nan? A gangare na farko za ta ƙwace maka. Garin neman gira, Baba, kada a rasa ido. Ka rage nauyin ka dawo, ƙarfe shida muke rufewa. Gobe da jibi babu aiki."

Mai dubawar bai san abin da ya taɓo ba. Ma'allim ya karɓi takardarsa ya ja motarsa.

Matarsa Lalla Ijja 'yar Tafraut ce. Gidan mahaifinta ya rushe tuntuni, amma gonar almon tana nan, kuma duk shekara a ƙarshen sanyi itatuwan kan yi fure fari fat na kamar mako biyu. Abu ɗaya ta roƙe shi ranar da ya kawo motar: su je su kwana a gonar, ta buɗe ƙofa da safe ta ga furen. Ya ce sai ya gyara ƙasan motar tukuna. Shekara ta zagayo ya ce saura rufi. Ta ce su hau bas mana, ya ce matar Ma'allim ba za ta sauka garinsu da ƙunshin kaya kamar 'yar gudun hijira ba. A shekara ta huɗu idanunta suka fara dushewa, irin ciwon da likita ya ce ba ya komawa baya. Yanzu fari da baƙi kawai take rarrabewa, kuma likitan bai yi alkawarin baɗi ba. Ɗan'uwanta ya bugo waya shekaranjiya ya ce fure ya buɗe, iska kuma ta fara kaɗawa. Ba tare da hatimin mai duba motoci a takardar nan ba, jandarmomi ba za su bar motar ta wuce shingen farko ba.

Garejin Si Hammu ya nufa, makanikin da suka taso unguwa ɗaya. Si Hammu ya ji labari, ya ajiye kofin shayinsa, ya yi dariya har da tari.

"Ban faɗa maka ba? Tun ranar da ka shigo da buhun siminti na ce ka auna ta kafin ka ɗora mata ko cokali. Na ce ka riƙa fita da ita ko sau ɗaya a wata, taya tana mutuwa a tsaye. Ka ce ni baƙin mai kawai na sani."

"Ka sa mata sifirin masu ƙarfi."

"Sifirin zai ɗaga ta, ba zai canza lambar da ke takarda ba, ba zai tsayar da ita a gangare ba. Hanya ɗaya ce, kai ma ka san ta."

Ya miƙo masa guduma da cizal.

Ma'allim ya daɗe a durƙushe a ƙofar motar. Tauraron zallij da ke tsakiyar ƙasan nan wata uku ya yi yana yanka shi, gutsure ɗari bakwai da wani abu, kuma a ransa ya san bai taɓa yi wa wani attajiri aiki mai kyansa ba. Gaskiyar da ba ya son faɗa ita ce ya ji daɗin shekarun nan shida. Kullum da safe yana da wurin zuwa, maƙwabta suna leƙowa suna yabo, shi kuwa yana cewa saboda Ijja yake yi.

Ya yi bisimilla ya sa cizal a tsakiyar tauraron.

Kafin azahar sun fitar da ƙasan gaba ɗaya. Si Hammu yana ɗora kowane buhun ɓaraguzai a sikelin gareji yana kiran lamba kamar mai gwanjo. Teburin dutse kilo arba'in da biyar. Firji ya fita, batura biyu suka bi shi. Aka kwance rufin al'ul, tsohon farin rufin Bafaranshe ya bayyana, babu abin da ya same shi.

"Kalli nan," in ji Si Hammu, yana nuna bakin tagar sama. "Wannan ne kaɗai abin da take buƙata tun farko, a sake liƙe nan kada ruwa ya shiga. Aikin rabin awa. Sai tayoyi huɗu, naka sun tsattsage a tsaye."

Bayan la'asar saura kilo sittin, sai kujerar al'ul. Da suka ɓalle ta, tsohon akwatin motar ya fito a ƙarƙashi, wanda Ma'allim ya rufe da katako tun shekarar farko bai ko ɗaga murfinsa ba. Ya ɗaga. Jaka ce a ciki, ta saƙa, ya san ta sarai. Ya buɗe: butar shayi, kofuna biyu naɗe a tsumma, dunƙulen sukari da ya zama dutse, baƙin mayafi mai ado a baki irin na matan Tafraut. A can ƙasa akwai tabarau ɗinta da wani ƙyalle da ta fara yi wa ado, allurar tana soke a jiki.

Tun daren farko ta haɗa kayanta ke nan. Ta ga ya buga katako a kai, ba ta ce komai ba.

Si Hammu ya leƙo zai yi tsiya, ya ga fuskar abokinsa, sai ya koma wajen tayoyi. Ma'allim ya zauna a kan ƙarfen motar da jakar a cinya. Kunya ce ta kama shi, irin wadda babu wanda za a ba haƙuri ta wuce.

Shida saura kwata motar ta sake hawa sikeli. Mai dubawar ya buga hatimi, ya leƙa ciki ya ce, "Kash. Amma yanzu mota ce."

Lalla Ijja tana zaune a ƙofar gida lokacin da ya iso, ta gane ƙarar injin. Ya kama hannunta ya taimaka mata ta hau. Ta taka ƙasan, ta tsaya. Ta shafa bango, ta ɗaga hannu ta shafa rufi.

"Ina tauraron da kake ta sa ni in taɓa?"

"Na cire. Ta yi nauyi."

"Duka?"

"Duka, Ijja."

Ta zauna a kan tsohon akwatin, tana shafa murfinsa da tafin hannu.

"Wannan na san ta," ta ce. "Ita ce ka kawo ranar nan. Rufinta fari, labulenta ruwan ɗorawa. Na gan ta da kyau."

Ya zauna kusa da ita.

"Jakata tana ciki?"

"Tana ciki."

"To bar ta, bayan sallar asuba sai mu kama hanya. Ka sayo sabon sukari." Ta gyara zaman mayafinta. "Tabarau ɗin da ɗinkin ka cire su ka ajiye a gida. Ba sai mun ƙara wa motar nauyi ba."