Auren Inabi

Stamen bai zo makarantar koyon noma don ya yi noma ba. Burinsa ya samu takardar shaida, a ɗauke shi akawu a birnin Plovdiv, ya rabu da fartanya. Sai ya tarar karatu da safe ne kawai. Da an ci abincin rana, kowane ɗalibi sai ya sauya kaya ya nufi gona ko garken shanu, ranar Asabar a ba shi ladan aikinsa. 'Ya'yan masu hali taba suke sha da nasu. Shi da nasa yake biyan kuɗin abinci.

Aka tura shi lambun inabi wajen Malam Vasek, wani dattijo mutumin ƙasar Cek. A shekarun nan wani ƙwaro ya shigo yana cin saiwar inabi, gonaki suna ta bushewa. Magani ɗaya ne, aure: a yanko reshen inabin gida a haɗa shi da gindin inabin daji na Amurka, wanda ƙwaron ba ya iya yi wa komai.

Auren da Stamen ya fara haɗawa ko ɗaya bai kama ba. Tsanko, abokin ɗakinsa, ya samu abin yi.

"Kai dai kada a kuskura a sa ka dalilin aure a garinku. Ango da amarya duk ka aika su lahira."

"Kai da ka wuni kwasar kashin shanu, har kana da bakin magana?"

Malam Vasek bai yi faɗa ba. Ya zauna kusa da Stamen ya karɓi wuƙar. "Kana yanka kamar mai jiran a tashi. Sau ɗaya ake ja, a hankali, ba a komawa."

Da aka yi hutu Stamen ya je gida, ya iske ganyen inabin gonarsu ya yi rawaya tun kafin lokaci. Mahaifinsa, Dimo, har ya fara zancen sayar da filin ya tafi ƙwadago Romaniya. Stamen ya tono gindi ɗaya, ya ga saiwar ta kumbura ta ruɓe. Aikin ƙwaron nan ne.

Da ya koma, ya roƙi Malam a riƙa ba shi dashen inabin da aka haɗa wa aure maimakon lada. Abinci kuwa, ya karɓi aikin tatsar shanu da asuba don ya biya. Tsanko yana tsokanarsa, amma shi ke tashinsa kullum.

Farkon bazara ya kai dashen gida a keken shanu, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Dimo ya ɗaga buhun ya duba.

"Inabin daji zan shuka a gonar kakanka?"

"Gindin ne nasu, Baba. 'Ya'yan namu ne."

Tsohon ya nuna masa gangaren da ya riga ya mutu. "Can ba abin da za ka ɓata."

Wasu suka bushe, mafi yawa suka kama. A kaka ta uku Dimo ya tsinki nonon inabi ɗaya a gangaren, ya tauna. Washegari ya fito da tsohuwar wuƙarsa ya wasa, ya zauna a kan kututture kusa da ɗansa.

"To, malam," ya ce, "ta wane gefe ake fara yankan?"

Stamen ya kama hannun uban, ya gyara masa riƙon.