Kujera Daidai Doron Baba

Jama'ar shafina, ina gaisuwa. Masu karantawa su wuce shiru kamar ba su gani ba, ku ma ina gaishe ku, ina ganinku sarai. Kowa ya nemi wurin zama, don labarin yau na kujera ne, kuma wallahi ba mai daɗin zama ba ce.

Lanƙwasa yana durƙushe yana goge ƙafar kujerarsa da hankici lokacin da Madam ta tafa hannu ta ce a buɗe ƙofa. Ranar ƙarshe ce ta baje kolin masu zanen kayan ɗaki, ranar da alƙalai za su zaga su zaɓi mutum ɗaya da babban shagon Madam zai ɗauka aiki. Wanda aka zaɓa ya haye. Wanda ba a zaɓa ba ya koma yi wa mutane gyaran ƙafar gado.

Sunansa na gida Auta. Lanƙwasa kuwa abokan sana'a ne suka laƙaba masa, saboda ko sandar labule ka ba shi ya zana sai ya karkata ta.

In ba ku taɓa shiga irin wannan taro ba, bari in kwatanta muku. Zaure ne fari fat, sanyin na'ura kamar za a adana nama. Kujeru ko'ina, amma kowa a tsaye, don an zagaye kowace da jar igiya, ba a zama. Kowa cikin baƙaƙen kaya kamar an yi musu rasuwa ɗaya. Ga teburin da in ka ajiye kofi zai gangaro, ga fitila kamar an kife bahon wanki. Mutum zai tsaya gabanta ya riƙe haɓa ya ce, "Hmm, tana magana." Me ta ce? Oho.

Kujerar Lanƙwasa kam ta haɗu, wannan ba zan ci amanarta ba. Baƙin katako, sumul kamar an lashe. Bayanta ya hau a miƙe, sai can wajen kafaɗar dama ya lotsa ciki kamar ƙwarya, sannan ya karkato gaba.

Alƙalai suka iso. Babbansu, wani mai furfura da ɗan kunne ɗaya, ya nuna lotsawar da biro.

"Wannan fa, daga ina ta zo maka?"

"Igiyar ruwa ce, yallaɓai. Lokacin da take shirin faɗuwa."

Mutumin da duk ruwan da ya sani na famfo ne.

Mai furfura ya yi hamma bai ko rufe baki ba. "Bana kowa igiyar ruwa. Kai ne na nawa ma?" Suka yi gaba wajen wata mai teburin gilashi, aka ji suna ta dariya da ita. Lanƙwasa ya ji gumi yana bin bayansa duk da sanyin nan.

To ga gaskiyar lotsawar. Mahaifinsa tsohon tela ne. Tun yana saurayi yake sunkuye kan keken ɗinki, har bayansa ya ƙi komawa, doro ya fito masa a kafaɗar dama. Amma ku tambayi duk layinsu, ba wanda zai ce muku Baba Tela yana da doro. Shi yake ɗinka rigunansa da kansa, yana cusa auduga a kafaɗar hagu, ya saki tattara a baya, sai ka gan shi kawai kamar dattijo mai faɗin kafaɗa. Ko zazzaɓi yake yi ba ya yarda a duba shi ba riga. In ban da Umma, babu wanda ya taɓa ganin bayan nan.

Matsalar ita ce zama. Duk kujerar da ya jingina da ita sai ta tokare shi. Akwai wata tsohuwar kujera guda da ta saba da shi, sosonta ya lotse daidai wurin. Auta ya ce zai yi masa wadda ta fi ta. Ya farke tsohuwar don ya ga yadda soson ya kwanta, daga nan ba ta ƙara haɗuwa ba. Sannan ya ce sai ya ɗauki zubin bayan da filasta, farin garin nan da ake kwaɓawa ya daskare. Baba ya ƙi, ya ƙi, har dai ya gaji. Ranar ya kulle ɗaki da kansa, ya saki labule, ya ce:

"Daga ni sai kai, Auta."

"Daga ni sai kai, Baba."

Tun daga lokacin Baba yake zama kan bokitin fenti da matashi a kai, yana jiran kujerarsa. Da aka gama ta, Auta ya ce aro zai yi na ɗan lokaci, a nuna wa mutane, ana tashi daga baje koli za ta dawo gida.

Shi ya sa da Lanƙwasa ya ɗaga kai ya hango ƙofa, sai ya nufi wajen a guje. Ga Yaya, babbar yayarsa, riƙe da hannun Baba. Shi kuma Baba ya sha farar rigarsa ta fita, ya rungumo tsohon bargo da igiyar shanya. Ya ji an ce yau ake tashi, ya zo ɗaukar kayansa.

"Baba, wa ya ce ku zo?"

"Kai ka ce yau. Mai motar yana waje, ya ce kar mu daɗe." Baba ya waiwaiga. "Ikon Allah. Duk kujerun nan ba wanda ya gaji?"

Shi dai ya gaji, don matakalar ginin ba ta wasa ba ce. Kafin Auta ya buɗe baki, tsoho ya ɗaga ƙafa ya tsallake jar igiya, ya juya, ya zauna.

Jama'a, da kun ji ajiyar zuciyar da ya yi. Ya lumshe ido. Kafaɗunsa suka sauka. Mutumin da ya daɗe bai jingina da komai ba.

"Kai! Kai tsoho!" Maigadi ya taho a guje. "Ba a zama! Tashi!"

"Ubansa ne," in ji Yaya. "Taɓa shi ka gani."

Hayaniyar ce ta jawo Madam, alƙalai na biye da ita. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta tsaya. Ta zaga ta gefe. Ta sunkuya. Tsakanin bayan tsohon da katakon ko takarda ba za ta shiga ba.

"Lanƙwasa," ta ce a hankali, "igiyar ruwa ka ce?"

Ta ƙara duban lotsawar, ta dubi kafaɗar tsohon.

"Bayansa ne! Wayyo Allah, bayan babansa ne!" Ta dafe ƙirji. "Kana da abu irin wannan kake mana zancen ruwa? Wannan ai shi ne labari! Ina mai kyamara?"

Mai furfura ya dawo, hammar ta gudu. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. "Akwai wani abu a nan. Amma rigar ta ɓata layin. Ba na ganin inda jiki ya haɗu da katako. A cire ta."

Baba ya buɗe ido. "Auta, gaya wa bayin Allahn nan ɗaukar kujera muka zo."

Madam ta ja Lanƙwasa gefe, tana murmushi, haƙoranta kaɗai ke yi. "Saura ƙiris su ba mai gilashi. Ka ji na gaya maka. In suka ga bayan nan, naka ne. In ba su gani ba, ka kwashi igiyar ruwanka."

Ya dawo ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya rage murya.

"Baba, yanzu za a gama. Hoto ne kawai."

"Daga ni sai kai, ka ce."

"Na sani. Amma aikin nan shi ne rayuwata. Kai ka ce kana so ka ga na zama wani abu."

"Auta," in ji Yaya, "wallahi in ka taɓa maɓallin nan, ni da kai..."

Ya taɓa. Na sama ya fara ɓallewa. Baba bai riƙe masa hannu ba, kallonsa kawai yake. Da aka zo cirewa, da kansa ya ɗaga hannuwa sama kamar yaron da za a yi wa wanka. Singiletin ma Madam ta ce ta tafi.

Wayoyi suka tashi kamar an yi umarni. Wani ya jawo fitilar bahon nan ya haska. Mai kyamara yana ta ba da oda: "Baba sunkuya kaɗan. A'a, yadda ka saba. Yawwa. Kar ka yi murmushi." Kamar dama murmushin yake. Wata mai gilashin ido ba kwalba ta miƙa yatsa ta shafa doron, ta ce wa ƙawarta, "Ji yadda yake da tauri, kamar katakon." Sanyin na'ura yana dukan fatar tsoho, tsigar jikinsa duk ta tashi. Yaya ta yi yunƙurin shiga, maigadin da ɗazu yake korar Baba yanzu shi yake tare ta: "Ba a tsallake igiya, Hajiya."

Mai furfura kuwa rigar ya ɗauka, ya ji kafaɗa ɗaya ta fi nauyi. Ya juya cikinta, ya sa ɗan almakashin farce ya farke ɗinkin. Auduga ta zubo ƙasa.

"Ku zo ku gani! Ɓoyewa yake yi! Duk tsawon rayuwarsa!" Ya ɗaga rigar sama. "Uba yana ɓoyewa, ɗa yana bayyanawa. Wannan shi ne zane!"

Aka yi tafi. Tafi sosai. Lanƙwasa ya ci.

Nan take wani mai otal, ƙato mai tumbi, ya ce shi ya saya. Aka ɗaga Baba, mai otal ɗin ya gwada zama, ya yi zumbur ya miƙe yana shafa kafaɗa.

"Kai, wannan ai azaba ce."

"Ba ta zama ba ce, Alhaji," in ji Madam. "Cikin gilashi za ka sa ta a bakin shiga, da hoton a gefe, babba."

Baba yana tsaye, hannu ɗaya ya rufe ƙirji, ɗayan yana warware igiyar shanya. "To mu ɗaure ta? Mai motar zai yi fushi."

"Baba... zan yi maka wata. Zubin yana nan."

"Af, zubin!" Madam ta juyo. "Gobe ka kawo shi mu fasa a gaban kyamara. Ka san ƙa'ida. Guda ɗaya tak a duniya, shi ne darajarta. In aka ga irinta a wani tsakar gida, mun zama maƙaryata."

Lanƙwasa ya ce, "To, Madam."

Yaya ta fizge rigar daga hannun mai furfura ta sa wa Baba. Amma ba auduga, rigar ta zube gefe ɗaya, doron ya fito ɓaro-ɓaro kamar an nuna shi da yatsa. Baba ya duba kafaɗarsa. Ya ɗauki bargon da ya kawo don kar kujera ta ƙuje, ya yafa. Haka ya ratsa zauren, ya sauka matakala, ya shiga gaban motar ɗaukar kaya da rana tsaka, lulluɓe da bargo, bayan motar wayam.

Kafin la'asar hoton ya zaga duniya. Har yaran layi sun gani.

Da yamma Auta ya shigo gida da kwalin lambar yabo a hammata. Yaya tana ganinsa ta tashi ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Baba yana kan bokitin fenti, ya juya fuska bango, da rigar a cinya da allura a hannu. Bai zura zaren ba tukuna.

"Baba, sannu da gida."

Baba bai juyo ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Madam, ya kara a kunne.

"Tauraro! Waya ta ƙi hutawa. Kowa yana so. Ba guda ɗaya za mu tsaya ba, jeri za mu yi, kowace da jikinta. Akwai wasu a gidanku masu irin wannan abin? Ka duba mini da kyau."

Daidai nan Umma ta fito daga kicin da kofin ruwa. Ita ba ta da waya mai hoto, kuma ba wanda ya iya gaya mata. Tana tafe tana ɗingishi yadda ta saba, ƙugun hagu yana nitsewa, yana tasowa, tun faɗuwar da ta yi shekarun baya.

Auta ya bi ƙugun da kallo. Ya nitse. Ya taso. Bai san lokacin da hannunsa ya shiga aljihu ya taɓo tef ɗin awo ba.

"Umma, ɗan tsaya haka."

Ta tsaya, ta ga tef, fuskarta ta washe.

"Allah sarki Autana. Ni ma kujerar za ka yi mini?"

Bokitin fenti ya yi ƙara. Baba ne ya juyo.

To jama'a, ni a nan na ajiye. Da ku ne a zauren nan, yatsanku kan maɓallin rigar tsoho, Madam tana jira, za ku ɓalle ko za ku ɗaure kujerarku ku tafi? Kar kowa ya zo mini da wa'azi, na san wasunku ko singiletin ba sai an roƙe ku ba. Ku faɗi gaskiya a ƙasa.