Kwanon Sabuwa

A'a, ba zan zauna kusa da kai ba. Ka karanta abinka, ai kai ka rubuta. Ni da ban san alif ba, me zan yi a gefenka in ba gyaɗa kai ba? Gyaɗa kan nan kuwa kake nema, Zainul'abidin, don gobe Hiba ta ga tsohuwa ta shaida, ta koma Gadarif da sanyin rai cewa uwarta Sabuwa ta cika a hannun mutane.

Na ji labarin, ba kurma ba ce ni. Ya yi daɗi ƙwarai. Wai yaƙi ya hargitsa Umdurman, amma a unguwar Alsawra, a layinmu, kwanoni na jere a ƙofar takiyya, gidan dafa abincin sadaka, kamar sahun salla, babu mai ture wani. Wai Fadila uwarka ce ke ɗaukar wa maƙwabciyarta kwano kullum, har ranar da Sabuwa ta ɗora kai a cinyarta ta yi kalmar shahada. Masha Allah. Ko ni da na haifi Fadilar ban gane ta ba.

Kar ka ɗaga min murya, maigida. Kana Alƙahira kana kallonmu ta cikin waya. Hoto ka gani, ni kuwa a bakin ƙofar nan nake zaune da gwiwoyina da suka ƙi tafiya.

Bari ka ji yadda takiyyar take kafin a gyara ta. Da an sauke tukunyar adas, miyar ƙananan waken nan, sai unguwa ta ruɗe. Turereniya, ashar, wannan ta taka wancan, miya ta zube a zanen wata. Sabuwa ce kan gaba, da ƙafarta mai ciwon suga, tana ja tana zagin masu rabo har kakanninsu da suka zo da ƙafa daga Kano. Ba kyan gani, na yarda. Amma duk ranar da ba a ji bakinta ba kafin azahar, sai ka ga mata sun nufi gidanta, ko don su ga abin da ya rufe mata baki.

Sai dana, wato harsashin igwa, ta faɗo a wata unguwa kan mutanen da ke jiran abinci, aka kwashe su a barguna. Malam Ladan, shugaban kwamitin takiyya, ya ce daga yau mutum ba zai tsaya ba, kwano ne zai tsaya. Kowane gida kwano ɗaya. Ka ajiye da safe, ka koma ɗakinka, in an zuba ka zo ka ɗauka shiru. Dabara ce mai kyau, ban ce ba kyau ba. Layi ya miƙe, zagi ya ƙare. Kullum malam ya ɗauki hoto ya tura wa masu aiko da buhuna daga Saudiyya, su ga yawan kwanoni su san abin da za su aiko.

Kwanon Sabuwa kore ne, da tabon ƙuna a gefe, kowa ya san shi. Da ƙafar ta kumbura ta kasa fita, uwarka ta riƙa kai mata shi layi tana dawo mata da shi. Nan ka faɗi gaskiya, ka riƙe wannan, ita kaɗai ce gare ka.

Wata rana Fadila ta shiga da kwanon cike, ta fito da shi cike. Ta ja ƙofar, ta tokare da dutse. Washegari kwanon kore yana layi a wurinsa. Mata su ce, "Ya jikin Sabuwa?" Ta ce, "Da sauƙi, tana gaishe ku." Su ce, "Allah ya saka miki, Fadila." Su wuce. Me zai kai su gidan? Ga kwanonta can a sahu, an wanke shi tas.

Wari? Ai lokacin Umdurman duka wari take. Kowa ya ce daga bayan makaranta ne, inda ake binne mutane sama-sama. Kowa a layin nan yana da hanci, kuma kowa yana da kwano a wancan layin. Da idona na ga Malam Ladan ya dubi tagar Sabuwa da ƙudaje suka mayar baƙa, ya dubi kwanon, ya ɗan gyara masa zama da ƙafa don ya yi daidai da 'yan'uwansa, sannan ya ɗaga waya. In ka duba hoton nan da ya sa ka kuka a Alƙahira, za ka gan shi, kore, kusa da tsakiya.

Haka aka tafi har damina ta shigo. Itacen girki ya ƙare, samarin takiyya suka fara cire ƙyauren gidajen da aka gudu aka bari. Ɗaya ya ce ƙyauren Sabuwa katako ne mai kyau, bari a roƙe ta ta ba da na ɗakin baya. Suka ture dutsen suka yi sallama. Kyanwoyi ne suka amsa.

Ba a yi mata wanka ba, babu abin wankewa. A zanenta aka tattara ta, ba ta fi ɗaurin itace ba, aka tona a tsakar gidanta. Ƙyamaren kuwa sun ɗauka, duka biyun. Da su aka dafa adas ɗin washegari, kowa ya ci.

To, ga shi kuma! Ɗazu waliyyiya ce, yanzu ɓarauniya ce mai cin rabon gawa, za ka yaga wancan ka rubuta sabo ka tona mata asiri gaban Hiba. Kai dai a ba ka layi miƙaƙƙe, mutanen kirki nan, miyagu can. Sauke hannunka, kar ka zagar min 'ya a gidana.

Ka taɓa tambaya wa ya ci? Fadila ba ta kai cokali ɗaya bakinta daga kwanon nan ba, ka ga dai yadda ta koma kamar sanda. Kowane gida kwano ɗaya, haka doka ta ce. Gidan nan kuwa akwai ni, akwai ita, akwai matarka da yara biyu da ka ajiye mana ka ce wata ɗaya za ka yi ka aiko a ɗauke su. 'Yarka Rayan har ta daina kuka, ido kawai take juyawa.

Saboda haka in karatu kake so gobe, na farkon ko na biyun, zan zo in zauna, har sabon mayafi zan yafa. Amma ka ɗauko Rayan ka tsayar da ita gaban Hiba, ka kama kumatun nan nata da kake yabo, ka ce, "Ga inda abincin uwarki ya shiga, ni kuma ina Alƙahira ina rubutu." In za ka iya, bisimilla.