Bindiga Mai Ɗigo Ɗaya

Durmush bai taɓa zuwa gidana lokacin zafi ba. Shi mutumin kaka ne. Idan sanyi ya koro shi da tumakinsa daga saman dutse, sai ya ratso ta ƙofata da cuku a cikin fatar akuya, mu sha shayi, ya zagi 'yan kasuwar ulu, in zagi gwiwoyina, ya wuce. Tun rasuwar matata Hayriye shi kaɗai ne yake hawo wannan tudun saboda ni. 'Yata tana Jamus, muna waya ran Juma'a, rabin hirar kuma "Baba, kana ji na?" ne. To da na hango shi da hantsi a watan shida, ba tumaki, ba kare, da wani abu dogo naɗe a buhu, sai na san ba lafiya ba.

"Remzi Usta, kana raye?" ya ce. Usta, wato ƙwararren mai sana'a, haka ake kirana a nan.

"Ina zan je? Wa ka bar wa garken, tsohon banza?"

"Surukina. Zuwa la'asar kawai."

"Ina Comar?"

Ya shige ɗakin aikina na bayan gida, ya ajiye buhun a kan teburi, ya zauna a kujerar da yake zama duk shekara. Comar karensa ne, ƙato, fari-fari, kai kamar tukunya. Shekara tara ban taɓa ganin ɗayansu ba tare da ɗayan ba.

Na warware buhun. Bindiga ce mai famfo, irin wadda ake jan mariƙinta baya a tura gaba bayan kowane harbi, tamu, baƙa, da kotar roba. Ni na ce ya saye ta shekara uku da suka wuce. Na ce masa ya sauka garin Beyshehir, ya shiga kowane shago, in dai ta masana'antarmu ce ya ɗauka ido rufe, don babu wadda ba ta bi ta hannuna ba.

Ba cika baki na yi ba. Shekara arba'in da ɗaya ina haɗa bindiga a garin nan. Na fara da mai baki biyu, kotar katako mai tsada, ana zana mata furanni wata guda. Na ƙare da mai famfo, wadda ake cusawa a kwali ɗari-ɗari a loda a mota. Masu raina ta su yi ta rainawa. Na san fentinta yana kankarewa, na san mariƙinta yana kwaramniya kamar tsohuwar ƙofa. Amma bindigar talaka ce, kuma idan an yi mata abu biyu, mai ita zai tsufa ya bar ta. Na farko a haɗa ta daidai. Na biyu a goge gidan harsashinta, wato ramin da harsashi yake kwanciya, har ya yi santsi, sannan a harba biyar a jere a ga kwanso yana fita. Injin yakan bar zane-zane a ramin nan. Idan ba a goge ba, wata rana kwanso zai kumbura ya maƙale.

Ba wanda ya sa ni, amma ina da al'adata. In na haɗa bindiga sai in ɗora ƙusa a ƙarfen da kota take rufewa, in buga ɗigo ɗaya. In na goge na harba, in buga na biyu. Samarin wurin suna min dariya, wai Usta yana rubuta wa Amurkawa wasiƙa, don can ake kai da yawa daga cikinsu. Su ta dama.

"Shekaranjiya ne," Durmush ya ce, idonsa a ƙasa. "Gari ya fara haske. Kyarkeci biyu, ta wajen kwazazzabo. Na harba na farko, na kuskure. Na ja mariƙin, ya ƙi. Comar ya ji harbi, ya ɗauka ina bayansa, ya shiga. Ina tsaye ina kokawa da ƙarfe, Usta. Kafin in isa da sanda sun gama da shi."

"Innalillahi."

"Ni na kashe shi. Sau nawa ka gaya min in ja ta har ƙarshe kamar ina fushi da ita? Hannuna ne ya mutu. Tsufa ne, ko tsoro, ban sani ba. Kwana biyu ban iya cin burodi ba, don shi nake gutsura wa rabi." Ya share hanci da bayan hannu. "Ka cire min abin da na cusa mata in koma. Laifin ba nata ba ne."

Na ɗauke ta, na ja mariƙin. Ko motsi. Na riƙe shi gam, na buga gindin kotar da ƙasa, sau ɗaya, sau biyu, a na uku kwanson ya yi tsalle ya faɗa cikin gwangwanin ƙusoshi. Na ɗauko shi na kai taga. Gindinsa duk zobe-zobe ne, kamar an karce shi da magagari. Na cire bututun, na zura ƙaramin yatsana a gidan harsashin. Kaushi na ji, layi-layi, da tsatsa kwance a tsakani.

Wanda bai ja har ƙarshe ba, mariƙinsa yana motsi. Wannan ko ɗan dambe ne ya riƙe ta ba zai motsa ta ba.

"Bari in ɗora shayi," na ce.

Ban ɗora ba tukun. Na juya masa baya, na kwance dogon notin kota, na zare ta. Wallahi har na fara addu'a a raina, ni da ba na addu'a kan ƙarfe. Na goge wurin da babban yatsa.

Ɗigo ɗaya.

Ba sai na duba lamba ba, na san makon. Watan ɗaya ne, ƙanƙara har gwiwa, Hayriye tana kwance a asibiti a birnin Konya. Kullum in yi aiki zuwa azahar, in hau mota in je in zauna kusa da ita, tana tambayata ko na ci abinci, ita da ko ruwa ba ya wuce mata. Ran Alhamis motar kaya ta zo da wuri, a daidai lokacin aka kira ni daga asibiti aka ce in zo yanzu. Mai masana'antar ya leƙo ya ce, "Usta, na layin bango an gama su?" Ina sa riga na ce, "An gama." Talatin da bakwai ne a layin bangon, na haɗa su amma ban goge ba. Na ce a raina zan dawo in sauke su kafin motar ta tashi. Na dawo bayan kwana tara, ba mota, ba Hayriye. Daga nan na tura maganar can ƙasan zuciyata na ɗora mata dutse, har na bar aiki bara ban gaya wa kowa ba.

Na shiga kicin na ɗora shayin. Na tsaya ina kallon butar, ina shirya ƙarya. Ƙaryar ma a shirye take, kowa a garin nan ya iya ta: harsashin arha ne, gindinsa ƙarfe ne mai kumbura. In na faɗi haka zai gyaɗa kai, ya ce da ya sani ya sayi mai kyau, laifin ya sake komawa kansa ta wata ƙofar. In kuwa na yi shiru gaba ɗaya, zai koma dutse yana zargin hannunsa har ya mutu, amma da kaka zai zo min da cuku. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Tsoron kujerar nan ta zauna ba kowa.

Na kai masa shayi, na koma teburi. Na naɗa soson ƙarfe a tsinken katako, na ɗiga mai, na zura a ramin ina murzawa. Ya kurɓa yana kallona.

"Wannan kuma na mene ne?"

"Sha shayinka."

"Kai dai ba ka iya barin abu ya huta ba. Hayriye ta yi haƙuri da kai."

Minti goma sha biyar ya ɗauke ni. Na duba agogo, shi ya sa na sani, kuma da ma ban duba ba. Na mayar da bututun ba tare da na ɗaura kotar sosai ba, muka fita bayan gida inda nake da tudun ƙasa. Na ce ya ba ni harsashin da ke aljihunsa, irin wanda ya maƙale ɗin. Na harba biyar a jere. Kwanso biyar suka zube a ciyawa, mariƙin yana tafiya kamar an shafa masa man shanu. Tsuntsayen bishiyar maƙwabta suka watse, ba wanda ya leƙo. A garin nan ba a leƙen harbi.

"Ka gani?" Durmush ya ce, yana murmushin da ya fi kuka ciwo. "A hannun mai ita lafiyarta lau. Na gaya maka ni ne."

"Ba kai ba ne."

"Haba Usta, kada ka lallashe ni, ni ba—"

"Ka rufe min baki ka zo ka gani."

Muka koma ciki. Na zare kotar, na nuna masa ɗigon. Na gaya masa ma'anar na farko da na biyu, na gaya masa Alhamis ɗin, da abin da na ce wa mai masana'anta. Na sa yatsansa a kan kwanson da ya karce. Na ce, "Ko hannunka bai mutu ba, ba za ta buɗe ba. Comar ya shiga ne don ya yarda da kai, kai kuma ka yarda da ni. Minti goma sha biyar ne ban ba ta ba."

Ya daɗe yana juya kwanson a tafin hannunsa. Da ma ya zage ni, da na samu sauƙi.

"Guda nawa ne?" ya ce.

"Talatin da bakwai."

"Sauran suna ina?"

"Ban sani ba. Wasu sun haye teku."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe hannunsa na dama ya kalle shi, ya dunƙule, ya sake buɗewa, kamar wanda aka dawo masa da abin da ya ɓata. Wannan kaɗai na samu a ranar, kuma na gode Allah da shi.

Na ɗauko ƙusata da ƙaramar guduma, don yanzu an goge an harba. Na ɗora bakin ƙusar kusa da ɗigon farko. Sai ya kama wuyan hannuna, ba da ƙarfi ba.

"Bar ta da ɗaya, Usta."

Na ajiye gudumar. Na ɗaura masa kota, na naɗe bindigar a buhunsa. Ya sa kwanson a aljihun rigarsa, ya ce Allah ya jiƙan Hayriye, ya sauka tudun. Shayinsa rabi ya sha.

A watan goma, ranar da na ga ƙanƙarar farko a kan dutse, na wanke kofi biyu, na sayo burodi mai zafi, na goge kujerar. Wajen azahar na jiyo ƙararrawar tumakinsa, na san muryarta cikin dubu. Na fito ƙofa na tsaya. Ta hanyar gindin tudu suka bi, ta bakin tafki, ba su hawo ba.