Allunan Shekarar Ƙarshe

Duk allon zamiya kan dusar ƙanƙara da ya lalace a kwarin nan, ta hannun Marlies yake bi. Aikinta ke nan a ɗakin baya na shagon haya da ke gindin dutse: ta wasa bakin ƙarfe, ta narka kaki ta shafe cikin allo, wato ɓangaren da ke taɓa dusa, ta cike ramukan da tsakuwa ta yi. Baƙin da ke zuwa wasan dusar ƙanƙara ba su san da zamanta ba, ita kuwa ta san su ta abin da suke maidowa. Ta kuma san wani abu da ba a faɗa a garin.

Masana'antar alluna tana can ƙasan kwari, bakin rafi. Surukinta Lois a gaban injin matsi ya yi furfura, mijinta Hias ma can ya fara aiki. Da kamfanin ya buɗe wata masana'antar a wata ƙasa can gabas, aka fara raɗe-raɗin za a rufe ta gida. Sai mazan suka haɗa kai, ba wanda ya sa su, suka ce za su nuna wa manya su ma suna da sauri. Shi kuwa allo falle-falle ne, itace a tsakiya, ƙarfe a gefe, gam a tsakanin kowane falle, kuma dole ya daɗe cikin zafin injin kafin gam ya kama. Suka riƙa zare shi tun bai nuna ba. A shekarar sun fitar da alluna fiye da kowace shekara, har walima aka yi musu. Da ƙanƙara ta narke aka rufe masana'antar duk da haka.

Ranar rufewa kowane ma'aikaci ya saɓo nasa guda biyu ya kai gida, masu jan tambarin kwarin, barewar dutse a tsaye. Lois na yara ya zaɓa, saboda jikarsa Fini, 'yar Marlies, da take rarrafe a lokacin. Ya naɗe su a bargo ya ɗora saman kabad, yana jiran ta kai.

Tun daga nan allunan shekarar ƙarshe suke zuwa wa Marlies baki a buɗe. Jela ta ɗaye, ruwa ya shiga, sanyi ya daskarar da shi, ƙarfen gefe ya turo waje. A kan irinsu ɗan mai gidan burodi ya karya gwiwa bara, gari ya ce ai ƙanƙarar ranar ce ta yi tauri. Na gabas kuwa, waɗanda mutanen kwari ke kira kwali, baƙi su hau su da wulaƙanci, su bi ta kan duwatsu, su maido su a kakkarce amma a haɗe.

Bana Fini ta kai. Lahadi bayan coci ake tseren yara, nata na farko, kuma a garin nan kaka ne yake ba jika allon tseren farko.

Ranar Asabar suna cin abincin rana a gidan Lois, miyar dunƙulen burodi da yankakken nama mai hayaƙi, tsohon ya ture kwanonsa ya shiga ɗaki. Ya fito rungume da bargo.

"Ina 'yar ɓerata? Zo ki kwance da kanki."

Fini ta kwance. Ja wur suke, sai ƙyalli, kamar jiya aka yi su. Yarinyar ta ɗora kumatu a kan barewar.

"Wannan hannuna ne da na ubanki," in ji Lois. "Tun yana mutum, kafin ya koma share wa 'yan Holan kujera."

"Baba, kujerar nan ita ke hawa da kai dutse kyauta," Hias ya ce, bakinsa cike. Tun da aka rufe masana'anta, shi ke tsaye a inda ake ɗora mutane kan kujerun da ke hawa da su sama.

"Kyauta? Da kunya nake biya."

Aka yi dariya, ban da Marlies. Ta goge hannu ta karɓi ɗaya, ta kafa jelarsa a ƙasa, ta danna tsakiya da tafin hannu kamar yadda take yi wa kowane allo. Ya lanƙwasa da kyau. Yana dawowa ta ji shi, ɗan ƙaramin sauti, ƙas, wanda sai mai saurare yake ji. Ta sake dannawa. Ya sake yi.

"Opa, suna da kyau," ta ce. Haka ake kiran tsohon a gidan, wato Kaka. "A rataye su a ɗakinta. Na riga na ware mata wasu a shago."

"Waɗanne?"

"Na haya. Na duba su da kaina."

"Kwali?" Lois ya juya wajen ɗansa. "Hias, kunnena ne, ko matarka ta ce jikata za ta sauko gaban jama'a a kan kwali?"

"Ba ta ce haka ba, Baba."

"Haka na ce," in ji Marlies. "Waɗannan na shekarar ƙarshe ne, Opa. Ka san abin da nake nufi."

"Ban sani ba, yarinya. Koya mini. Ke da kika taso a garin da tudunsa mafi tsayi juji ne, zo ki koya mini allo."

"Ba allo zan koya maka ba. Ƙafar 'yata nake magana." Ta dubi mijinta. "Hias, ni nake kai muku abinci a shekarar. Faɗa masa yadda kuke zare su daga injin. Ko in faɗa?"

Hias ya sa cokali ya raba dunƙulen burodinsa biyu, ya sake raba kowane rabi. Bai ɗago ba.

"Mun yi abin da za mu yi don a bar mana wurin," Lois ya ce, muryarsa ta sauka. "Ba wanda ya taɓa maido mana da allo ko ɗaya."

"Wa za a maido wa? An rufe ƙofar. Wurina ake kawo su."

Fini tana dubansu ɗaya bayan ɗaya, ta ƙanƙame ɗayan allon. "Mama, ni waɗannan nake so."

Marlies ta ga babu inda maganar za ta a teburin nan. Ta sassauta fuska. "To, kawo. Ai dole a ɗaura musu mariƙin takalmi, a shafa kaki. Zan tafi da su shago."

Lois ya ɗaga yatsa. "Kaki mai kyau, ba na baƙi ba."

Da la'asar ta shimfiɗa su a kan bencin aikinta. Har a ranta tana fata ta yi kuskure. Ta ga yadda tsohon ya fito rungume da bargon, ta kuma san waɗannan alluna su ne kaɗai abin da ya fito da shi daga wurin da ya ba ƙuruciyarsa. Ta ɗauki siririyar wuƙar kankare kaki, ta sa bakinta a jelar allon, inda falle ya haɗu da falle. A lafiyayyen allo wuƙar ba ta samun wurin shiga. Nan kuwa ta shige salin alin. Ta ɗan murɗa hannu, sai cikin allon ya rabu da itacen, ya yi ta ɗayewa har kusan tsakiya. Gam ɗin ciki fari fat, yana zuba kamar gari.

Ta zauna a kan kujera ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tashi ta ɗauko na haya, shuɗaye masu dushi-dushi, duk jikinsu tabo, ta wasa su, ta shafe su da kakin da ya fi kowane kyau a shagon.

Safiyar Lahadi gari ya tashi garau. Ana fitowa daga coci kowa ya nufi gangaren yara, inda aka kafa tutoci, aka ɗora tukunyar shayi mai zafi a bakin bukkar ƙungiya. Lois na tsaye cikin tsofaffin abokan aikinsa, sanye da rigar ulun da ba ya sawa sai ranar biki, shi ke raba wa yara lambar ƙirji.

Marlies ta buɗe bayan mota ta fito da shuɗayen.

"Ina nawa?" Fini ta tambaya.

"Waɗannan za ki hau."

"Ina nawa, Mama? Ina jajayen?"

Kukan ya jawo ido. Lois ya taho, tsofaffin na biye da shi. Wani cikinsu, dogo mai suna Wastl, ya leƙa shuɗayen ya yi fito. "Kai, Lois! Wannan in ruwa ya taɓa shi ba ya jiƙewa? A samo wa yarinya lema."

Marlies ta juya wajen motar. Ta janye bargon da ke cikin motar, ta ɗago jan allon, cikinsa na reto. Ba ta ɗaga murya ba, don ba ta so matan da ke wajen shayi su ji.

"Ga shi, Opa. Duba gam ɗin."

Tsofaffin suka yi cirko-cirko. Duk cikinsu babu wanda bai tsaya gaban injin nan ba a shekarar. Wastl ya miƙa yatsa ya taɓa farin garin, ya murza, ya sa hannun a aljihu. Wani ya juya yana kallon dutse kamar yau ya fara ganinsa.

"Wuƙa kika sa masa," in ji Lois.

"Na sa."

"Kun ji. Wuƙa ta sa masa." Ya juya wajen abokansa. "Kowane allo ka sa masa wuƙa ai buɗewa zai yi."

Duk sun san ba haka ba ne. Duk suka gyaɗa kai.

"Gaskiya ne," in ji Wastl. "Allo ba ya son wuƙa."

Lois ya karɓi allon daga hannunta, ya haɗa shi da ɗan'uwansa, ya naɗe su a bargon a hankali kamar mai naɗe mara lafiya. Ya ciro lambar Fini daga cikin sauran ya miƙa wa Wastl. "Ba uwarta." Ya juya ya koma bakin bukka.

Marlies ta durƙusa a dusar ƙanƙara tana ɗaure wa 'yarta takalma. Fini na shessheƙa, ta ƙi taimaka mata, ta saki ƙafa kamar ba tata ba.

"Kin ɓata mini su. Opa ya ajiye mini tun ina jaririya."

"Na ɓata. Miƙo ɗayar ƙafar."

Tana cikin haka wata ta dafa kafaɗarta. Traudl ce, matar ɗan Wastl, ta ja ta bayan mota. Riƙe take da allunan ɗanta, jajaye, masu barewa.

"Don Allah ɗan duba mini, kada kowa ya gani."

Marlies ta juya jelar ta kalli haske. Ko wuƙa ba ta buƙata. Akwai tsaga siririya kamar gashi tsakanin ƙarfe da itace. Ta nuna mata da farce.

"Akwai wasu a shago daidai ƙafarsa. In kin ce, yanzu in ɗauko."

Traudl ta goga babban yatsa a kan tsagar, ta sake gogawa, kamar gogawa za ta rufe ta. Ta waiwaya ta kalli surukinta a bakin bukka.

"Na yau kaɗai ne ai," ta ce. "Za su kai yau." Ta rungume su ta tafi.

Aka fara. Yara na saukowa ɗaya bayan ɗaya, iyaye na kaɗa ƙararrawar shanu suna ihu. Marlies na tsaye a ƙasa ita kaɗai, babu wadda ta matso kusa da ita. Duk ja da ya taho sai ta riƙe numfashi har ya wuce tuta ta ƙarshe. Ɗan Traudl ya sauko lafiya, uwarsa ta juyo ta yi mata wani kallo, kamar ita ce ta ci tseren.

Sai ga ƙaramar hular Fini can sama. Hias ya baro wajen aikinsa ya tsaya gefen gangaren, hannu a aljihu, bai yi ihu ba. Yarinyar ta taho da fushinta, ta fi yadda take yi a koyo sauri. A tsakiyar gangare akwai wurin da inuwa ta mai da dusa ƙanƙara zalla, inda yara da dama suka zube. Ta shige shi a karkace, ƙafa ɗaya ta tashi sama, ɗayar ta danne da duk nauyinta. Ƙarfen ya ciji ƙanƙarar ya riƙe. Ta miƙe ta wuce.

Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta ƙarshe ba. Tana tsayawa ba uwarta ta nema ba, bakin bukka ta duba. Lois ya ba gangaren baya, yana zuba wa wani shayi.

Fini ta daɗe tana jira ko zai juyo. Sannan ta turo kanta a hankali har gaban Marlies.

"Bai kalle ni ba."

"Na gani."

"Ke kika ja."

"Ni na ja."

Marlies ta durƙusa ta fara kwance takalman. Ta zare na farko, ta kama ƙwaurin yarinyar ta cikin safa, ta shafa daga gwiwa har idon sawu. Da ɗumi, a miƙe. Ta zare na biyu ta yi masa haka. Fini ta fizge ƙafarta.

"Sake ni, ba abin da ya same ni."

"Na sani," in ji Marlies. Ta sa mata takalman gida, ta saɓa shuɗayen allunan a kafaɗa, ta bi ta tsakiyar jama'a da su zuwa mota, 'yarta na tafe nesa da ita.